Tarukan kasuwar GPS na duniya: wanne ne ya cancanci kuɗin jirginka?

Duk wanda ya taɓa neman farashin na'urar GPS a intanet, ko ya sa sunansa a rajistar wani taro na masu awon ƙasa, ya san irin saƙonnin da ke biyo baya. Yau gayyata zuwa Jamus, gobe zuwa Amurka, jibi zuwa Dubai, kowacce da alkawari ɗaya: zo ka ji yadda kasuwar gano wuri ta tauraron ɗan'adam ke bunƙasa a duniya, kada a bar ka a baya. Sunayen tarukan sun yi kama da juna, hotunan da ake tallata su da su ma haka. Amma abin da ake yi a cikin zauren ya sha bamban ƙwarai, kuma mutumin da zai canza nairarsa ko sefarsa zuwa dala don ya je ba shi da damar gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Bari mu fara kawar da wani dalili da bai kai a yi tafiya dominsa ba. In alƙaluman kasuwa kaɗai kake so, zauna a gida. Hukumar shirin sararin samaniya ta Tarayyar Turai, EUSPA, mai hedikwata a birnin Prague, tana fitar da rahoton kasuwa wanda kowa zai iya saukewa kyauta. Bugun 2024 ya ƙiyasta kuɗin da harkar ke samarwa a duniya da kimanin Yuro biliyan 260 a 2023, ya kuma yi hasashen za su kai kusan biliyan 580 a 2033. Yawancin masu jawabi da za ka ga suna haska jadawali a bango daga wannan rahoto suke ɗiba. Kamfanonin da ke sayar da nasu rahoton kan dubban daloli ma ba kasafai suke wuce shi da wani abin kirki ba.

Akwai wani abu a cikin rahoton da ya fi jimillar kuɗin muhimmanci ga mai shirin zuwa taro. Mafi yawan waɗannan biliyoyi ba daga sayar da na'urori suke fitowa ba. Daga hidimomin da aka ɗora a kan siginar suke: manhajar kiran mota, kai saƙo gida, bin sawun manyan motoci, taswirar waya, gyaran sigina (ƙarin bayanan da ake aika wa na'ura don rage kuskuren awonta) da ake biya duk wata. Ita siginar kanta kyauta ce. GPS na Amurka, GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na Sin duk suna watso ta ba tare da an biya ko anini ba, ga kuma na yanki irin QZSS na Japan da NavIC na Indiya. Saboda haka kafin ka duba kowace gayyata, ka tantance a wane gefe kake. Ilimi kake nema? Kaya za ka saro? Ofishin gwamnati kake wakilta? Ko wata hidima kake son ginawa? Kowane taro, mutum ɗaya daga cikin waɗannan yake yi wa aiki sosai, sauran kuma ya sallame su da jaka da biro.

ION GNSS+ a Amurka

Wannan shi ne babban taron masana a fagen. Cibiyar ION ta masana gano wuri da hanya, wadda aka kafa a 1945, ita ke shirya shi duk watan Satumba (GNSS suna ne da ya haɗa GPS da sauran tsarin taurarin gano wuri). An yi shi a Denver a 2022 da 2023, sannan a Baltimore a 2024 da 2025. Ɗaruruwan maƙalu ake gabatarwa, a ɗakuna da yawa a lokaci guda, kowace maƙala da 'yan mintocinta. Injiniyoyin da ke ƙera ƙwaƙwalwar na'urorin, malaman jami'a, ɗaliban digiri na uku da jami'an da ke tafiyar da taurarin duk a nan suke haɗuwa. Kafin a buɗe taron akwai darussa na musamman da ake biya daban, kuma ga wanda yake sabon shiga, sau da yawa waɗannan darussan sun fi maƙalun amfani.

Batutuwan da suka mamaye shi a 'yan shekarun nan su ne toshe sigina da aika siginar bogi, matsalar da jiragen sama ke fama da ita a yankin tekun Baltic, Bahar Aswad da Gabas ta Tsakiya, sai kuma sabon yunƙurin sanya taurarin gano wuri a ƙasa-ƙasa kusa da doron duniya, wanda kamfanoni irin Xona ke yi. Mai bincike daga jami'a a Kano, Zariya ko Yamai yana da abin da zai kawo nan wanda Bature ba shi da shi. Yammacin Afirka na cikin ɗamarar da saman iska ke dagula siginar tauraro bayan faɗuwar rana, musamman a watannin Maris da Afrilu, da Satumba da Oktoba. Bayanan da aka tattara daga tashoshin wannan yanki ba su da yawa a hannun masana, don haka maƙalar da ta zo da su ana sauraron ta.

Ga ɗan kasuwa kuwa, ban ba da shawararsa ba. Kuɗin rajista ga wanda ba ɗalibi ba ya haura dala dubu, ban da otal da jirgi. Rumfunan baje kolin ba su da yawa, kuma akasarinsu na'urorin gwaji da kayan cikin na'ura suke nunawa, ba abin da za ka loda a kwantena ba. Abubuwa biyu na rage zafin rashin zuwa: mujallar cibiyar mai suna NAVIGATION ta zama ta karatu kyauta tun 2022, sannan zaman kwamitin CGSIC, inda gwamnatin Amurka ke yi wa farar hula bayanin halin da GPS ke ciki, an saba yin sa a gefen taron ba tare da kuɗin shiga ba.

Taron ƙoli na Munich

Shi wannan a watan Maris ake yin sa, Jami'ar rundunar sojin Jamus da ke Munich ce ke shirya shi. Ba a aika maƙala a jira a karɓa. Gayyato masu magana ake yi, su zauna a kan dandamali su tattauna: shugabannin shirye-shiryen taurari, jami'an Tarayyar Turai, manyan kamfanoni, wani lokaci da lauyoyi. In kana son ka ji daga bakin masu abin yaushe za a harba sabon rukunin taurari, ko ina manufar Turai ta dosa, nan ne wurin. A cikin duk tarukan shi ne ya fi kusa da abin da ake kira taron makomar kasuwa.

Sai dai amfaninsa na hannun wanda yake da kujera. Darakta a hukumar sararin samaniya, ko jami'in kula da zirga-zirgar jiragen sama, zai iya ƙulla magana a lokacin shan shayi wadda wasiƙa goma ba za su ƙulla ba. Mai ƙaramin kamfani da ya biya daga aljihunsa zai ji jawabai masu daɗi, ya dawo da abin da mujallun fagen irin Inside GNSS da GPS World za su buga bayan 'yan kwanaki. Taron Turai na ENC, wanda ke yawo daga ƙasa zuwa ƙasa kuma aka yi shi a cibiyar hukumar sararin samaniya ta Turai, ESA, da ke Noordwijk ta ƙasar Holan a 2023 da 2024, ƙanen ION ne: maƙalu, amma da ƙarancin cunkoso da ƙarancin kuɗi.

INTERGEO, inda kayan suke

In har mutum ɗaya ne zai je daga kamfanin safiyo, ko daga shagon da ke shigo da kayan awo, kuma sau ɗaya zai je, to INTERGEO ya kamata ya nufa. Ƙungiyar masana awon ƙasa ta Jamus, DVW, ita ce mai masaukin baƙi, ana yin sa kwana uku a watan Satumba ko Oktoba, kuma kowace shekara da garinta: Essen a 2022, Berlin a 2023, Stuttgart a 2024, Frankfurt a 2025. Akwai ɓangaren jawabai mai tikitinsa daban, amma ba shi ne ke tara jama'a ba. Baje kolin ne, inda ɗaruruwan kamfanoni ke kafa rumfa. Tikitin shiga baje kolin ba tsada, kuma kamfanoni kan ba abokan cinikinsu lambar shiga kyauta, don haka ka tambayi wanda kake saye a wurinsa tun kana gida.

Abin da ya sa na fifita shi: a zaure ɗaya za ka ga Trimble, Leica da Topcon, waɗanda suka daɗe da riƙe kasuwa kuma farashinsu ya nuna haka, ka taka kaɗan ka tarar da CHCNAV, South, Hi-Target da ComNav na Sin, ga Stonex na Italiya, ga Emlid mai na'urori masu sauƙin kuɗi. Tamkar Kantin Kwari ne, inda atamfar Holan da ta Sin ke rataye kusa da juna, mai saye ya taɓa da hannunsa ya ji bambanci. A nan ne bunƙasar kasuwar da ake ta faɗa take fitowa fili, don na'urar da ke auna wuri da kuskuren santimita ɗaya ko biyu, wadda a da sai babban ofishin gwamnati ke iya mallaka, yanzu ƙaramin ofishin safiyo na iya sayen ta. Gasar kamfanonin Sin ce ta karya farashin, tare da kamfanonin da ke ƙera ƙwaƙwalwar na'ura da araha irin u-blox na Suwizalan da Unicore na Beijing.

Zuwan ba zai biya ba sai ka tafi da tambayoyinka a rubuce, saboda mai rumfa ya saba da abokin cinikin Turai, kuma abin da zai fara yi maka talla da shi wataƙila ba ya aiki a inda kake. Misali, za a ce maka na'urar na karɓar gyaran sigina kyauta kai tsaye daga tauraro. Ka tambaya: daga wanne? Gyaran da BeiDou ke watsawa a siginar B2b Sin da kewayenta yake rufewa, na QZSS kuma Japan da yankin Asiya da Oceania. Wanda ya iso Afirka shi ne na Galileo, gyaran da aka fara watsawa a Janairun 2023, yana zuwa ta siginar E6, burinsa kuskuren da bai wuce santimita 20 ba a kwance. In na'urar ba ta kama E6, wannan alkawari bai shafe ka ba.

Haka za a nuna maka yadda na'ura ɗaya tak ke aiki ba tare da ta biyu ba, tana karɓar gyara ta layin waya daga tashoshin dindindin. A Jamus wannan gaskiya ne, don tashoshin sun rufe ƙasar. Najeriya tana da nata jerin tashoshin, NIGNET, ƙarƙashin ofishin Babban Safiyo na Tarayya, amma tazarar da ke tsakaninsu mai faɗi ce, kuma gonar da za a aika ka ka auna ba lallai ne tana da sabis ɗin waya ba. Don haka sai ka nemi farashin na'ura biyu, mai zama da mai yawo, ka tambayi nisan da rediyonsu ke kaiwa a fili da kuma cikin itatuwa. Ka tambayi ko manhajar ta san ma'aunin Minna, wanda tsofaffin taswirori da takardun filaye na Najeriya ke kai, kuma ka sa a nuna maka a allon, kada ka yarda da "eh" na baki. Ka tambayi zafin da batirin ke jurewa. Ka tambayi yadda take yi da dagulewar sigina ta bayan magariba, in ka ga mai rumfar ya yi shiru ka nemi a kira injiniyansu. Sannan babbar tambaya: in ta lalace, ina za a kai ta? Na'urar da sai an mayar da ita Shanghai ko Turai kafin a gyara, araharta ta ƙare ranar da ta faɗi daga sanda.

Masu neman wakilcin kamfani su ma a nan suke dacewa, don manajojin da ke kula da kasuwar Afirka suna zuwa. Amma ka rubuta musu tun da wuri ka nemi lokaci. Ranar farko da ta biyu rumfunan cike suke, ranar ƙarshe da rana kuma an fara naɗe tabarma. Wani abin lura: otal a garin da ake taron yana tashi sosai a wannan mako, kuma da yake jirgin ƙasa na Jamus na haɗa garuruwa, kwana a garin da ke kusa ya fi sauƙi.

Ga mai sana'ar bin sawun motoci da babura kuwa, INTERGEO ba nasa ba ne sosai. Kayan awo, jirage marasa matuƙi da na'urorin ɗaukar siffar gini ne suka cika shi. Ƙananan na'urorin da ake ɓoyewa a mota a kasuwannin lantarki na Shenzhen da Hong Kong ake samun su.

Hanyar Sin

Wanda ke kallon kasuwar nan daga Turai kaɗai rabinta yake gani. Sin ta kammala rukunin taurarin BeiDou na uku a watan Yunin 2020, kuma ƙungiyar masana'antar a can ta ƙiyasta darajar harkar a cikin gida da yuwan biliyan 536 a 2023. Babban taronsu shi ne CSNC, wanda aka fara a Beijing a 2010, yana haɗa maƙalu da baje koli. Matsalarsa ga baƙo harshe ne, don yawancin zaman da Sinanci ake yi, ko da yake ana buga zaɓaɓɓun maƙalun da Turanci. Akwai kuma CHINTERGEO, baje kolin kayan awo na cikin gida, inda ƙananan masana'antun da ba sa iya kai rumfa Jamus ke fitowa.

A ganina, ga ɗan kasuwar da ya riga ya saba da Guangzhou, ziyarar masana'anta ta fi taron. South da Hi-Target a Guangzhou suke, CHCNAV da ComNav a Shanghai. Wanda ke zuwa baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a watan Afrilu ko Oktoba zai iya ƙara kwana biyu ya je ya ga inda ake haɗa kayan, ya zauna da masu sayarwa, ya yi maganar horar da yaronsa kan gyara. Tafiya ɗaya, biza ɗaya. Abin da zai rasa shi ne kwatantawa, don a ofishin kamfani kayan kamfanin kaɗai za a nuna masa. Shi ya sa tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara ganin kowa da kowa a Jamus, a zaɓi biyu ko uku, sannan a bi su gida a Sin.

Waɗanda ba sa cin aljihu

Akwai tarukan da ba a yi musu talla, kuma su ne suka fi dacewa da malami, ɗalibi ko ƙaramin ma'aikaci. Kwamitin ICG, wanda aka kafa a 2005 ƙarƙashin inuwar Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ne teburin da masu taurarin ke zama don daidaita siginoninsu, kuma Najeriya mamba ce. Babban zamansa na wakilan gwamnatoci ne (an yi a Abu Dhabi a 2022, Madrid a 2023, Wellington a 2024), amma ofishin da ke riƙe da sakatariyarsa a Viyana, UNOOSA, yana shirya bitoci a yankuna daban-daban, yana kuma ɗaukar nauyin wasu mahalarta daga ƙasashe masu tasowa. Cibiyar binciken kimiyya ta ICTP da ke Trieste ta Italiya ta daɗe tana horar da masana Afirka kan wannan fage tun 2009, ba ta karɓar kuɗin rajista, tana kuma tallafa wa wasu da kuɗin tafiya. Gasar shiga ce mai zafi, kuma ana rufe karɓar takardu watanni kafin ranar.

Ga masu safiyo, taron shekara na ƙungiyarsu ta duniya, FIG, yana da sashe guda kan gano wuri da awo, kuma yakan zo kusa. An yi shi a Abuja a 2013, an yi a Akara a 2024, babban taronta na 2026 kuma Cape Town aka ba. Zuwa Akara ga ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, kuma manyan kamfanonin na'urori kan kafa rumfa. Duk lokacin da ya faɗo a Afirka, shi ne mafi arahar hanyar ganin masana da 'yan kasuwa a wuri guda.

Masu harkar jiragen sama su sa ido kan wani abu daban. Hukumar ASECNA mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a wasu ƙasashen Afirka, wadda Nijar, Chadi da Kamaru ke ciki, tana gina tsarin gyaran sigina na Afirka, kuma siginar gwajinsa ta fara fita a 2020 ta tauraron Najeriya NigComSat-1R da aka harba daga Sin a Disambar 2011. An yi gwajin sauka da jirgi da ita a Lome a farkon 2021. Bitocin da ake yi kan wannan shiri a biranen yankin sun fi kowane taron Turai kusa da aikin da jami'in filin jirgin Kano ko Zinder zai yi nan gaba.

Biza da tarukan bogi

Lissafin kuɗi ba ya cika sai an sa biza a ciki, kuma a yanzu ita ce ke yanke hukunci kafin aljihu. Kuɗin bizar Schengen, ta shiga ƙasashen Turai irin Jamus, Yuro 90 ne tun Yunin 2024, ta ziyarar Amurka dala 185, kuma ba a mayar da ko ɗaya in an hana. Ƙofar Amurka ta ƙuntata tun 2025: a watan Yuni an hana 'yan Chadi da Sudan shiga, a Yuli aka rage bizar 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, an kuma ci gaba da tsaurarawa bayan nan. Kada ka biya rajistar ION sai ka duba shafin ofishin jakadancin ka tabbatar da matsayin fasfonka a ranar. Bizar Jamus kuma matsalarta samun ranar ganawa, don haka mai nufin INTERGEO ya fara nema tun farkon damina. Ka karanta sharaɗin mayar da kuɗin rajista in biza ba ta fito ba, tunda kowane taro da nasa.

Su kuma gayyatocin da ke shigowa ba ka nema ba, akwai alamomin da ke tona su. Taro ne da ake cewa za a yi a Dubai, Paris da Bankok duk da suna ɗaya a wata ɗaya. An karɓi maƙalarka kwana biyu bayan ka aika, ko ma an naɗa ka babban mai jawabi alhali ba ka aika komai ba. Ba sunan wata jami'a ko ƙungiyar ƙwararru a bayansa, ba jerin maƙalun bara da za ka iya buɗewa ka karanta, kuma ana matsa maka ka biya cikin mako don a ba ka takardar gayyatar biza. Ka ɗauki sunayen mutum biyu daga cikin waɗanda aka ce za su yi jawabi, ka nemi adireshinsu a shafin jami'arsu ko kamfaninsu, ka tambaye su ko sun san da taron. Ka kuma duba kalandar taruka ta Inside GNSS ko GPS World, in ba ka ga sunansa a can ba, kada ka tura kuɗi.